Kalmomin Kantonanci masu harshen damo: a koye su tun farko ko a bari sai an ƙware?

Dan_Kwari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga Kantonanci, wato harshen da ake yi a Hong Kong da Makau da birnin Guangzhou da kewayensa. Harkar yadi ce take kai ni can, kuma na soma koyon harshen ne domin in rage dogaro da tafinta. Malamar da take koya mini ta intanet ta ƙi taɓa kalmomin sara, tana cewa sai na iya gaisuwa da ƙirga da ciniki tukuna. Ni kuwa abin da nake lura da shi shi ne, kalmomin da ake fara koya wa mutum, irin su kaza da ruwa da shayi, su ne suke ɗauke da wata ma'ana ta biyu wadda kowa a kasuwa ya sani sai baƙo. A ganina ranar da aka koya wa ɗalibi ma'anar farko, ranar ya kamata a faɗa masa ta biyun. Ko akwai hikimar da ban hango ba a cikin jinkirtawar?

MalaminHarshe: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a yanke hukunci tsakaninka da malamarka, ya kamata a raba abubuwa biyu da mutane suke cakuɗawa. Akwai kalmar da take da ma'ana biyu ko da an furta ta daidai, kamar gai1, wadda take nufin kaza kuma take nufin karuwa. Akwai kuma kalmomi biyu daban waɗanda kunnen baƙo ne kawai yake jin su ɗaya, saboda karin sauti ne ya raba su. Lambar da kuke gani a ƙarshen kowace gaɓa ita ce karin, bisa tsarin rubutu na Jyutping wanda ƙungiyar masana harshe ta Hong Kong ta fitar a 1993, kuma a wannan tsarin harafin j ana karanta shi ne kamar y ɗinmu. Kari shida ne: na 1 yana sama a miƙe, na 2 yana hawa zuwa sama, na 3 yana tsakiya, na 4 yana ƙasa yana gangarawa, na 5 yana tasowa daga ƙasa zuwa tsakiya, na 6 yana ƙasa a miƙe. Bahaushe ba baƙon kari ba ne, tunda da shi muke raba kukan yaro da kukar miya, sai dai mu sama da ƙasa da faɗau muke da su, ba mu da kari mai hawa a gaɓa guda. Shi ya sa na 2 da na 5 suke ba mu wuya, kuma abin takaici ga ɗan kasuwa shi ne maai5 saye ne, maai6 kuma sayarwa. Idan malamarka wannan take so ka fara gyarawa, ina bayanta.

Hajiya_Atamfa: Malam ya yi bayani, amma bai amsa wa Alhaji tambayarsa ba. Batun kazar nan ba ƙaramin abu ba ne, domin aikatau ɗin da ake amfani da shi wajen yin odar abinci, giu3, shi ne kuma kira, kuma idan aka haɗa shi da kaza kai tsaye aka ce giu3 gai1, babu wanda zai fahimci abinci ake nufi. Musulmin da yake gudun naman alade kaza zai riƙa nema kullum, saboda haka shi ne ya fi kowa kusa da wannan ramin. Mafita ita ce a ambaci sunan girkin gaba ɗaya, ko a ce gai1 faan6, wato shinkafa da kaza. Agwagwa ma, aap3, tana da irin wannan ma'anar a kan namiji. Malamar da ta san wannan ta yi shiru ba ta kyauta wa ɗalibinta ba.

Talibi_Guangzhou: Ni tambayata ga Alhaji ita ce ko ya tabbata Kantonancin ne yake buƙata. A kasuwannin da mutanenmu suke shiga a Guangzhou, wajen Xiaobei da Sanyuanli, yawancin masu shaguna baƙi ne daga wasu larduna, kuma Mandarin, harshen hukuma na China, suke yi. Haka ma a baje kolin Kanton, wato na Guangzhou, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, Mandarin da Turanci ne suke aiki. Kantonanci sai wajen tsofaffin 'yan gari da gidajen shayi da wasu direbobi.

Dan_Kwari: Gaskiyarka ɗan'uwa, amma masu kamfanin da nake hulɗa da su 'yan asalin Foshan ne, wani birni kusa da Guangzhou, kuma a Hong Kong ofishinsu yake. Da ni suna Turanci, idan suka juya ga junansu kuma sai Kantonanci, kuma a wannan juyawar ake yanke farashi.

BabanSadiq: To idan haka ne, Alhaji, ruwa za ka fara koya kafin kaza. Kalmar ita ce seoi2, kuma a bakin 'yan kasuwar Hong Kong ruwa kuɗi ne. Idan ka ji jat1 gau6 seoi2, wato dunƙulen ruwa guda, dalar Hong Kong 100 ake nufi. Bong6 seoi2 shi ne a biya, kuma ba lafazi ne mai laushi ba, mai bin bashi ne yake faɗarsa. Wui4 seoi2 shi ne a mayar wa mutum kuɗinsa, kuma shi ne abin da 'yan kallo suke ihu da shi idan wasa bai yi armashi ba. Cau1 seoi2 a zahiri jan ruwa ne da famfo, amma ana nufin cire kamasho, ana kuma nufin cin moriyar wani ba da izininsa ba, har da taɓa mace ta hanyar da ba ta dace ba, saboda haka kada ka yi gangancin amfani da ita wajen tambayar dillali la'adarsa. Wadda nake so ka riƙe da kyau ita ce seoi2 jyu2. Idan aka bi gaɓoɓinta kifin ruwa ke nan, a kasuwar abinci kififiya ce, a kasuwar kaya kuma shi ne mutumin da ake yi wa wayo a tatse shi cikin sauƙi. Duk ranar da ka ji ta a gefenka ana murmushi, ka san inda aka ajiye ka. Akwai kuma tong1 haak3, yanka baƙo, wato tsawwala masa farashi. Waɗannan ba don ka faɗe su za ka koya ba, don kunnenka ne.

Injiniya_Shenzhen: Ina ƙarawa a kan abin da Baban Sadiq ya kawo. Seoi2 fo3, kayan ruwa, yana ruɗa masu sayen waya a unguwannin Mong Kok da Sham Shui Po na Hong Kong. A Hong Kong ba jabu ake nufi ba. Kaya ne na asali da aka shigo da shi ba ta hannun wakilin kamfani ba, saboda haka ya fi araha amma babu garantin wakilin a kansa. Kishiyarsa shi ne hong4 fo3, wanda ya bi ta hannun wakili. Mai shagon da ya ce maka seoi2 fo3 ne ya faɗa maka gaskiya ne, ba tona wa kansa asiri ya yi ba. Takardun kuɗin ma suna da laƙabi: ta dala 100 ja ce, ana ce mata hung4 saam1 jyu2, kifi mai jar riga, wanda sunan wani kifi ne na gaske, ta 500 ita ce daai6 ngau4, babban sa, ta 1000 kuma gam1 ngau4, san zinariya. Jat1 pei4, fata guda, dala 10,000 ce. A Shenzhen da Guangzhou ba kasafai ake jin waɗannan laƙabobin ba, tunda kuɗin daban ne kuma kusan kowa da manhajar waya ta WeChat Pay ko Alipay yake biya.

Ummu_Hanan: Ina so in koma kan maganar MalaminHarshe, domin akwai wurin da nake ganin bai kai ƙarshe ba. Ana yawan cewa Bahaushe yana da sauƙi wajen tsawon wasali tunda muna da dogo da gajere, amma ƙa'idar Hausa ita ce dogon wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa, kuma tagwan wasalinmu ai da au ba su da dogon takwara. Kantonanci kuwa yana raba aai da ai. Harshenmu da kansa zai gajarta aai ba tare da mun sani ba, kuma sakamakon shi ne gaai1, titi, ya koma gai1, kazar da ake ta magana a kanta, maai5, saye, ya koma mai5, ɗanyar shinkafa. Mafi muni shi ne takalmi, haai4, wanda idan aka gajarta wasalin aka kuma ɗaga karin sai ya faɗa kan ɗaya daga cikin manyan kalmomin ashar na harshen. Masu sarin takalma su kula. Wannan ya nuna rabon da Malam ya yi bai tsaya cak ba, domin kuskuren furuci ne yake jefa mutum cikin sarar da bai nufa ba, kuma ba zai gane dalilin dariyar ba sai ya san sarar.

MalaminHarshe: Na karɓi wannan ƙarin, Malama, kuma hujja ce mai ƙarfi ga ɓangaren Alhaji. Irin haka yake faruwa a ƙirga. Tara gau2 ne, kuma kare ma gau2 ne, babu bambanci ko kaɗan, amma idan aka miƙe karin a sama maimakon a hau da shi sai ya zama batsa. Bakwai cat1 ne, idan aka saukar da shi ƙasa shi ma batsa ne. Ga shi kuwa babu ciniki sai da tara da bakwai. Duk da haka ina nan a kan cewa gyaran kari ne magani, sanin sarar faɗakarwa ce kawai.

Dan_Maradi: Ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wani nau'i da ba a ambata ba tukuna, wato kalmomin da aka canja da gangan saboda camfi. Harshen dabba a wajen mahauta ba a kiransa da sunansa na asali, sit6, domin ya yi daidai da kalmar faɗuwa a ciniki, sai aka koma ce masa lei6, wadda take amo ɗaya da riba. Hanta ma an guje wa gon1 saboda tana amo da bushewa, kuma wanda ya ɗauki ruwa a matsayin kuɗi ba ya son jin bushewa, sai ake cewa jeon2, daga kalmar danshi. Gidan haya da babu kowa a ciki ba a ce masa fanko, domin hung1 tana amo da mugun abu, sai a ce gat1 uk1, gida mai sa'a. Wanda ya ga wannan a tallar dillalan gidaje zai ɗauka yabon gidan ake yi, alhali cewa ake babu mai haya a ciki. Laima ma ze1 ake ce mata a baki, an kauce wa saan3 mai amo da watsewa. Mu ba mu yarda da camfi ba, amma wanda zai zauna da mutane ya san abin da yake sosa musu rai.

Hajiya_Atamfa: Wannan ya shafi kyauta kai tsaye, kuma mu mutane ne masu son kai tsaraba. Ba a ba da agogon bango ko na tebur, domin sung3 zung1, ba da agogo, amonsa ɗaya da raka mutum zuwa ƙarshen rayuwarsa. Na san wani ɗan'uwanmu da ya sa aka ɗinka masa hula mai kyau koriya, launin tutar Najeriya, zai kai wa abokin cinikinsa, sai tafintansa ya hana shi tun a masauki. Sanya koriyar hula, daai3 luk6 mou2, ana faɗarsa ne ga mijin da matarsa take cin amanarsa. Hular ta dawo gida, aka kai turare a madadinta.

Dan_Zongo_Kumasi: Haka lambobi suke. Huɗu sei3 ne, mutuwa sei2, shi ya sa za ka shiga lif a dogon bene a Hong Kong ka ga babu hawa na 4 da na 14 da na 24. Takwas, baat3, ana son sa saboda ya yi kusa da faat3, bunƙasa. Amma takwas ɗin nan da ake so, idan aka siffanta mutum da shi, cewa ake yi ɗan sa ido ne mai bin diddigin abin da bai shafe shi ba, kuma baat3 po4 zagi ne ga mace.

Ummu_Hanan: Tunda Hajiya ta taɓo abinci ɗazu, bari in faɗi abin da ya fi kaza muhimmanci ga Musulmi. Idan takardar abinci ta ce juk6, nama, ba ta ambaci dabbar ba, alade ake nufi. Zyu1 hung4, jan alade, daskararren jininsa ne, an sakaya sunan jini. Tin4 gai1, kazar gona, kwaɗo ne. Burodin da ake kira bo1 lo4 baau1 babu abarba a cikinsa duk da sunan, ɓawon samansa ne ya yi kama da ita, kuma gidajen burodi da yawa da kitsen alade suke yin ɓawon. Kalmar da za a nema ita ce cing1 zan1, wato halal. A Hong Kong akwai gidan abinci a cibiyar Musulunci ta Wan Chai, cikin ginin Masallacin Ammar, inda ake samun dim sam na halal, wato ƙananan girke-girken da ake ci da shayi, kuma a ginin Chungking Mansions da ke unguwar Tsim Sha Tsui, inda 'yan kasuwarmu suka daɗe suna sauka, akwai masu abincin halal da yawa, ga babban masallacin Kowloon kusa a kan titin Nathan.

Injiniya_Shenzhen: Gidajen shayi irin na Hong Kong, caa4 caan1 teng1, suna da nasu zauranci. Zau2 tafiya ce ko gudu, amma a can tana nufin a cire: zau2 bing1 ban da ƙanƙara, zau2 tim4 ban da sukari. Idan ma'aikaci ya ɗaga murya ya ce haang4 gaai1, yawon titi, cewa yake a ƙulle abincin za a tafi da shi. Leng3 zai2 kyakkyawan saurayi ne, kuma da shi masu shago suke kiran kowane namiji mai saye, amma a bakin mai kai oda farar shinkafa ce zalla. Idan aka ɗaga karin aka ce leng1 zai2 kuma an koma raini, kamar a ce wa mutum ɗan yaron nan.

Talibi_Guangzhou: Akwai wadda kowa yake kewaye ta, kuma gara a faɗe ta. Gwai2 fatalwa ce. Ana ce wa Bature gwai2 lou2, kuma Turawa da yawa mazauna Hong Kong sun daina jin zafinta, har suna kiran kansu da ita. Amma idan aka haɗa ta da baƙi aka ce hak1 gwai2, wannan cin mutunci ne gare mu, ko da mai faɗar ya ce haka ya saba. Lafazin da babu raini a cikinsa shi ne hak1 jan4, baƙin mutum, ko fei1 zau1 jan4, mutumin Afirka. Sai dai kada mutum ya ji gwai2 ya tashi da faɗa nan take, domin ana cusa ta a magana don ƙarfafawa kawai, kamar gwai2 gam3 leng3, kyakkyawa ƙwarai. Akwai kuma gwai3, tsada, wadda za ka ji ta sau da yawa a wajen ciniki, kuma kari ne kaɗai ya raba su.

BabanSadiq: Wannan misalin na Talibi shi ne ya sa nake ganin malamar Alhaji tana da nata uzurin. Wanda ya haddace jerin kalmomin sara kafin kunnensa ya nuna zai riƙa jin zagi inda babu shi, ya ɓata da mutumin da cewa kawai ya yi kaya sun yi tsada. Rabin sani a nan yana iya jawo asarar abokin ciniki.

Dan_Maradi: Alhaji ya ambaci shayi a tambayarsa kuma ba a taɓa shi ba. Jam2 caa4, shan shayi, gayyata ce zuwa cin dim sam, ba kofi ɗaya ba, kuma a nan ake ƙulla yawancin hulɗa. Caa4 cin2, kuɗin shayi, shi ne na goro a wajenmu, da fuskarsa mai kyau da marar kyau. Shan gahawa kuma, jam2 gaa3 fe1, ya sami wata ma'ana tun bayan kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta Hong Kong, ICAC, a 1974: idan aka ce hukumar ta gayyaci wane shan gahawa, tambayoyi ya je amsawa.

Hajiya_Atamfa: Allah Ya raba mu da irin wannan gahawar.

Dan_Zongo_Kumasi: Amin, Hajiya. Ga waɗanda ba su da haɗari, waɗanda nake ganin baƙo zai iya faɗa a yi dariya tare da shi. Fong3 fei1 gei1, sakin jirgin sama, shi ne a yi alkawarin haɗuwa a ƙi zuwa, sai dai a tsaya a kan fong3 ɗin, domin idan aka musanya shi da daa2, bugu, an shiga batsa. Caau2 jau4 jyu2, soya wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, shi ne kora daga aiki, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne namanta yana nannaɗewa a kasko kamar yadda ma'aikacin da yake kwana a gidan maigidansa yake naɗe shimfiɗarsa idan an sallame shi. Sik6 faa1 sang1, cin gyaɗa, shi ne zama ɗan kallo ana rigima. Ceoi1 seoi2, hura ruwa, hira ce marar kan gado ko cika baki. Gaa1 jau2, ƙara mai, ƙarfafa gwiwa ne, kuma ta yi nisa har ƙamusun Oxford ya shigar da fassararta ta Turanci a 2018.

MalaminHarshe: Ko waɗannan ina ba da shawarar a saurara a ji wa yake faɗa wa wa. Kalmar da abokai suke yi a tsakaninsu ba lallai ta dace da dattijon da ya ba ka shekara talatin ba, ko da babu batsa a cikinta. Ƙamusun intanet na words.hk, wanda masu harshen suka gina da kansu, yana sa alama a kan kalmar da take ta ashar ko ta raini, kuma manhajar Pleco tana da ƙamusun Kantonanci mai Jyutping. Duk sabuwar kalma a duba ta har ƙasan shafi, kada a tsaya a ma'anar farko.

Dan_Kwari: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Abin da zan nema wajen malamata shi ne ta ci gaba da gyaran karin kamar yadda take so, amma duk kalmar da take da maƙwabciya mai haɗari ta gaya mini a ranar, ko da ba za ta sa ni furta ta ba. Ban gamsu da maganar Baban Sadiq gaba ɗaya ba, domin wanda bai san seoi2 jyu2 ba shi ma asara yake yi, sai dai ba ya ji. Ina da wata tambayar ga Malama Ummu Hanan: daa2 baau1 da ake cewa idan za a ƙulle ragowar abinci, na ji an ce a asibiti naɗe gawa take nufi. Ko ana iya faɗarta a gidan abinci ba tare da an ɓata wa kowa rai ba?

Ummu_Hanan: Ana faɗarta kullum a gidan abinci, Alhaji, babu mai jin komai. Wurin da za ka kiyaye ta shi ne idan ka je dubiya, ko kana cin abinci da wanda yake jinyar wani nasa. A nan ka ce ling1 zau2, wato a ɗauka a tafi da shi.